Inji uku kafin a dace: yadda wani ƙanina ya sha fama da odar injin aski daga waje

Wannan labarin wani ƙanina ne, ba wai ciki ɗaya ba, ƙanin unguwa dai, majalisarmu ɗaya bayan isha'i a nan cikin Kano. Shi yace in rubuta amma kar in kama suna, to ba zan kama ba, shagunan da ya yi cinikin da su ma zan bar su a rufe. Kusan komai a gabana aka yi, lissafin kuɗin kuma daga wayarsa na kwaso don mutum ne mai ajiye sikirinshot kamar me.

Mafarin abin, kafin Oktoba 2023

Malamin makaranta ne, firamare mai zaman kanta, da yamma kuma yana zama a ɗan shagonsa na POS. Yana barin gemu, amma irin mutanen nan ne masu son gyaran fuska tsaf duk sati, a fitar da layin kumatu, a share ƙasan haɓa da wuya. To a wuyan nan matsalar take. Duk sanda mai aski ya bi masa da reza, kwana biyu zuwa uku sai ƙuraje su feso, wasu su yi ruwa wasu su bar baƙin tabo, ga ƙaiƙayi idan wuyan riga ya goga, har ta kai ya daina saka maɓallin sama. Ya shafa alif, ya shafa sifirit, ya shafa hoda kala-kala, babu wanda ya yi.

Wani ma'aikacin lafiya da ke zuwa cire kuɗi a shagonsa ne ya kalli wuyan yace masa Malam wannan ai ƙurajen aski ne, gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi daf da fata sai bakinsa ya yi tsini, yana tofowa sai ya lanƙwashe ya koma ya soki fatar, shine take kumbura. Yace ya bar reza, ya nemi injin kansa wanda zai rage gashin ya bar ɗan kaɗan a sama, kuma ko ba don ƙurajen ba ma haɗa kayan aski da jama'a hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Maganar kashi biyu ce, shi kuma kashi ɗaya ya riƙo: ka sayi injinka. Zancen a bar ɗan gashi a can shagon ya bar shi.

Ya fara leƙa kasuwar Sabon Gari. Mai shago ya ɗauko kwali biyu iri ɗaya sak, suna ɗaya, hoto ɗaya, kuɗi daban, yace wanne kake so, mai kyau ko mai sauƙi. Nan jikinsa ya yi sanyi, yace min Yaya ni fa ban san orijina da jabu ba, gara kawai in yi oda daga inda ake yin su. Ga shi dama ya daɗe yana kallon bidiyon masu askin Amurka a YouTube da TikTok, irin wanda ake fitar da layi kamar an sa rula.

Oktoba zuwa farkon Nuwamba 2023: yadda za a biya kuɗin ma aiki ne

Kafin a zo maganar inji sai da aka sha fama da biya. Ya saka katinsa na naira sau uku ana dawo masa da shi. Wanda bai bi abin ba, a 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, zuwa farkon 2023 kuma yawanci sun rufe gaba ɗaya. Sannan a Yuni 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa lokacin da muke magana dala ta haura naira 1,000 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano.

Hanya uku ce a gabansa, ko ya buɗe asusun dala a banki, ko ya roƙi mai katin dala ya biya masa ya ba shi naira, ko ya buɗe irin katin dalar nan na cikin manhaja da ba a riƙewa a hannu. Na ukun ya zaɓa. Ya ba da BVN da hoton fuska, aka cire kuɗin buɗe kati, canjinsu kuma ya ɗara na Wapa da ɗan wani abu. Karon farko biyan bai wuce ba saboda ya zuba daidai kuɗin da ya gani a jikin kayan cif-cif, ashe da aka zo shafin biya an ɗan ƙara na aike, sai da ya sake zuba dala 2 a kai.

11 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba 2023: injin farko, ɗan China mai raga

Ya jira 11 ga Nuwamba da gangan, ranar da kasuwannin intanet na China ke yin babban ragi duk shekara. A gurbin nema ya rubuta electric shaver, abubuwa suka zubo, ya zaɓi wani ɗan ƙarami kamar sabulu, kalar zinare, mai raga biyu a baki, dala 9. Da canji da cajin kati duka ya tashi masa wajen naira 12,000.

Adireshi ya rubuta irin namu, layin kaza bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi, ya sa 700001 a gurbin lambar gidan waya, wannan babu laifi. Inda ya yi kuskure lambar waya, tsohon layinsa da ya daina amfani da shi ne a cikin asusun kuma bai duba ba. Sati uku lambar bibiya ta nuna kaya sun shigo Najeriya, daga nan shiru, kullum sai ya buɗe ya duba har muna yi masa tsiya a majalisa. Bayan sati biyu nace ka tashi ka je gidan waya da kanka. Ya je da lambar bibiyar da takardar NIN, aka duba aka ɗauko masa, ma'aikacin yace an kira lambar da ke jiki ba ta shiga. Ya biya ɗan kuɗin karɓa ya taho. Kwana 36 kenan daga oda zuwa hannu, kuma aƙalla goma a ciki nasa ne.

Injin yana aiki, wannan gaskiya ne. Da igiyar USB ya zo babu kan caja, ya jona da na wayarsa ya ɗauka. An rubuta caji ɗaya yana minti 90, shi da ya duba da agogo bai wuce 40 ba, amma mai share wuya na minti biyar wannan bai dame shi ba. Ranar farko ya zo majalisa yana shafa wuya, sumul kamar na yaro, yace Yaya taɓa ka ji. Nan take ya shiga ya danna an karɓi kaya ya ba su tauraro biyar.

Kwana uku ƙurajen suka dawo. Yace ƙila fata ce ba ta saba ba, ya ci gaba, kuma tunda yanzu injin nasa ne ba sai ya jira sati ba, duk bayan kwana biyu yake bi. Zuwa ƙarshen Disamba wuyan ya fi yadda yake lokacin reza muni, har wasu suna jini idan ragar ta bi ta kansu.

Sai da muka kai wa mai askinsa injin sannan aka gane. Ya juya shi yace Malam ai wannan na ƙarasa tal-kwabo ne, bayan an gama da kilifa ake bi da shi ya cinye ɗan abin da ya rage. Wato mu duk injin aski muke cewa ko kilifa, amma a shafukan nan abu uku ne daban. Shaver shine mai raga ko mai kawuna masu juyawa, aikinsa ya share gashi har fata kamar reza. Trimmer na fitar da layi ne. Clipper shine babban na rage suma, mai liba a gefe da matajan roba masu lamba da ake saƙalawa a baki. Shi abin da aka ce ya guda, yankan daf da fata, shi ya biya kuɗi aka kawo masa daga China. Babu maganar mayarwa, abin da ya zaɓa aka aiko.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: injin biyu, ɗan Amurka mai waya

Daga nan ya yanke cewa kayan China ne matsalar. Nace anya, yace Yaya araha ba ta ado, wannan karon na gaske zan saya irin na cikin bidiyo. Akwai wani ɗan uwansu da ke karatu a Amurka zai zo gida ƙarshen Janairu, sai ya nemo injin a wata kasuwar intanet ta can, mai waya wanda ake jonawa a soket, dala 38, da aka zo biya aka ɗora harajin jihar da ɗan uwan yake. Ɗan uwan ya biya da katinsa aka kai masa ɗaki cikin kwana huɗu, shi kuma ya tura nairar a asusun mahaifiyar yaron, kusan 50,000. Kuɗin aike babu tunda a jaka aka saƙo shi.

Injin kam ka riƙe ka san ka riƙe abu, ga nauyi ga ƙarfe. Filoginsa mai ƙafa biyu ne faffaɗa, soket ɗinmu kuma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai ya aiki yaro ya sayo adafta ta naira 500. Da aka kawo wuta da daddare ya jona ya kunna. Yace ƙarar da ya yi sai ka ce injin markaɗe, hannunsa har rawa yake, kafin ya ƙirga goma ya ji ƙauri, ya fizge wayar.

Washegari muka kai wa wani dattijo mai gyaran fanka da rediyo a bakin titi. Bai ma buɗe ba, gilashi ya sa ya karanta ɗan rubutun da ke bayan injin, 120V 60Hz, ya ɗago yace ɗana wa ya ce ka jona wannan a wutarmu? Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kusan ninki biyu, adafta kuma ƙafa kawai take canjawa ba ta rage komai. Ya buɗe ya gwada koyil ɗin da mita yace bai ƙone ba, ya dai dahu, kuma ku gode wa Allah jiya wutar ba ta zo da ƙarfi ba. Ni dai ranar na fara ganin inda ƙarancin wuta ya yi wa wani rana.

Baba mai gyaran yace a sayo sitef-dawun, ƙaramar taransifoma mai sauke 230 zuwa 110, amma ya ƙara da cewa ban yi muku alkawari ba fa. Muka sayo a Sabon Gari wajen naira 9,000, mai ɗaukar wat 100, injin kuwa abin da yake ja bai kai wat 20 ba don haka ta nan babu matsala. Aka jona. Ƙauri babu, amma ƙarar tana nan, wani irin kaf-kaf-kaf kamar ƙarfe na dukan ƙarfe, idan aka ɗora a gashi kuma sai ya riƙa tsinka yana ja maimakon ya yanka, bayan minti biyar jikinsa ya ɗau zafi. Akwai wani noti na roba a gefe da ake murɗawa a saita ƙarfinsa, Baba ya sa sukudireba ya yi ta murɗawa, idan ya sassauta ƙarar ta ragu sai ƙarfin ya mutu, idan ya ɗaure ƙarfi ya dawo sai ƙarar ta dawo da shi. An zuba mai, an sake saita haƙoran, duk a banza.

Anan ne Baba ya nuna mana rabi na biyu na rubutun, 60Hz ɗin, wanda mu ko kallonsa ba mu yi ba. Wutar da ke shigowa gida kai-komo take yi, tamu sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Irin wannan injin mai waya ba shi da moto mai juyawa a ciki, maganaɗisu ne da sifirin, wuta ta fizgo haƙorin sifirin ya mayar, sau biyu a kowane zagaye, shi ya sa a wutar can yake bugu 7,200 a minti, a tamu kuma 6,000. Sifirin ɗin tun daga kamfani an ɗaura shi ne daidai da saurin 60. Baba yace kun ga mata suna lugude a turmi ɗaya, idan ɗaya ta canja sauri ai taɓare ne za su riƙa karo, to abin da kuke ji kenan. Sitef-dawun ƙarfin wuta take saukewa, saurin kai-komon yadda ya shiga haka yake fita. Da muka gwada a ƙaramin janareton shagon POS ma abin ya fi ban dariya, janareton ya ja sama sautin injin askin ya canja, ya yi ƙasa ya sake canjawa.

Akwai na'urar da ke mayar da 50 zuwa 60, ƙanin nawa ya duba kuɗinta ya ga ta fi injin tsada, ga kuma ita ma sai an yi odarta. Akwai kuma irin wannan injin sak da kamfanonin ke yi don Ingila da Turai, 230V 50Hz, wanda da shi ya saya da ba a yi wannan zaman ba, na Ingila ma ko adafta ba ya buƙata. Baba ya ƙara mana wata da ban taɓa sani ba, yace ko a tsarabar alhazai a riƙa duba rubutun, don wutar Saudiyya ƙarfinta kamar tamu ne amma ita ma 60 ce, Dubai ce 50 irin tamu.

Ya gwada yi wa mai kayan magana ta hannun ɗan uwan. Amsar a taƙaice ta zo, an rubuta 120V 60Hz a bayanin kaya, kuma da muka koma sikirinshot ɗinsa ga shi nan ɓaro-ɓaro a layi na huɗu. Sun yarda a mayar idan yana cikin wa'adi kuma ba a lalata ba, to wa'adin ya kusa cika, injin ya sha wuta, kuɗin aika shi daga Kano zuwa Amurka kuma ya kusa kuɗin sayensa. Garantin da ke cikin kwalin ma na masu amfani da shi a can ne. Aka rufe wannan babin.

Maris zuwa 10 ga Afrilu 2024: injin uku

Duk watan Fabrairu bai taɓa wuyansa da komai ba, ba don dabara ba, don haushi da rashin abin askin. Sai ga shi a sati na huɗu ƙurajen sun kwanta da kansu, saura tabo. Da ma'aikacin lafiyar nan ya sake zuwa ya gani yace ai abin da na faɗa maka kenan tun farko, ya maimaita masa zancen barin gashi, kamar milimita ɗaya ya isa. Wannan karon ya ji.

Jiran ya zo daidai ta wani ɓangaren, don sabuwar shekarar China ta faɗo 10 ga Fabrairu, shaguna da masu aike na can suna tafiya hutu kaya su yi ta taruwa. Ta ɓangaren kuɗi kuma bai zo daidai ba ko kaɗan, a watan ne dala ta haura 1,500 ta ci gaba da hawa.

Satin farko na Maris muka zauna mu uku da mai askinsa a shagon POS. Mai askin yace a nemi mara waya mai liba da matajai, wanda mafi ƙanƙantar lambarsa ta kama daga milimita 1 zuwa 1.5. Ni kuma nace ba za a danna komai ba sai an karanta bayanin wuta. Wanda muka tsaya a kai an rubuta 5V, cajin USB, wato motonsa daga batir yake ci, babu ruwansa da 50 ko 60, kan cajar wayarsa kuma da muka juya an rubuta 100-240V 50/60Hz, irin rubutun da ke nufin ko ina a duniya. Ko fawa-bank ma zai caja shi, wanda a unguwarmu wannan ba ƙaramin abu bane.

Sauran binciken shi ya yi da kansa, kuma gaskiya ya burge ni. Ya tsallake masu tauraro biyar ya tafi kan masu ɗaya da biyu ya ga me suke kuka da shi, ya nemo waɗanda suka saka hoto daga Najeriya da Ghana don ya ga ya yake yi da irin gashinmu, ya duba shekarar da aka buɗe shagon. Wani shago da ya fi araha ya bar shi saboda hoton babban kamfani suka saka amma an goge sunan a jiki. Wani kuma da aka zo zaɓen hanyar aike sai aka ce ba a kawowa Najeriya, ashe saboda batir ne, kayan da ke da batirin litiyam suna da dokarsu daban a jirgin sama kuma ba kowace hanya ke ɗauka ba, ejan-ejan ɗin kago na Guangzhou ma kuɗin kilonsu daban yake da na sauran kaya. Ya gyara lambar waya, ya zaɓi aike mai lambar bibiya har ƙarshe duk da ƙarin dala 2. Duka dala 23, a naira wajen 38,000.

Azumi ya kama 11 ga Maris, kayan suka iso a goman ƙarshe, kwana 29 daga oda, kuma wannan karon kiransa aka yi. Bai yaga ledar ba sai da ya ba ni waya na ɗauki bidiyo tun daga takardar da ke manne har buɗe kwali. Ashe kuwa da rabon zai yi amfani, ɗaya daga cikin matajan ya zo a karye. Bai danna an karɓa ba, ya buɗe ƙorafi a cikin kwana 15 da kasuwar ta ba shi, ya ɗora bidiyon, mai shagon ya nemi ya rufe ƙorafin wai zai aiko da wani daga baya, yace a'a a bar shi a buɗe. Aka mayar masa da dala 3. Kuɗin ya ɗau wajen kwana goma kafin ya faɗo katin manhajar, katin da saura kaɗan ya goge don haushin cajinsu.

Ranar jajiberin ƙaramar sallah, sanda shagunan aski suka cika har waje, shi a ɗaki ya yi gyaran fuskarsa da madubi. Sallah ta kama Laraba 10 ga Afrilu.

Afrilu zuwa babbar sallah, 16 ga Yuni 2024

Tsarin da ya bi mai sauƙi ne. Sau ɗaya a sati, da ƙaramin mataji a baki, yana bin inda gashin ya kwanta, ba ya ja fatar ba ya maimaita wuri ɗaya. In ya gama ya kakkaɓe da burushi, ya goge haƙoran da sifirit, ɗigon mai biyu. Caji ɗaya yana kai shi sati uku zuwa huɗu. Idan zai yi askin kai ya tafi shago da injinsa a aljihu.

Wuyan ba ya yin sumul ɗin nan da yake so, in ka matso za ka ga ɗan baƙi-baƙin gashi, kuma da farko abin ya dame shi. Sati shida babu sabon ƙurji sai ɗaya ko biyu nan da can. Zuwa babbar sallah tabon ya fara dishewa, ya koma saka maɓallin sama.

A cikin Mayu ya bi ta Sabon Gari sayen wani abu daban sai ya hango irin injin nasa na uku a gilashin wani shago, suna ɗaya lamba ɗaya. Ya tambaya, kuɗin da aka faɗa masa bai kai abin da ya biya ba, don dala ta ɗan sauko a Afrilu kuma su da katan suke shigowa da shi. Ya sa aka buɗe ya kunna ya duba, bai ga bambanci ba.

Yadda nake kallon abin

Idan aka haɗa, 12,000 da 50,000 da 9,500 na sitef-dawun da adafta da 38,000, ya kashe wajen naira 110,000 cikin wata biyar, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000. Wanda ya yi masa aiki a ciki kashi ɗaya ne cikin uku.

Abin da ya fi tsaya min, tsoron da ya kai shi intanet tsoron jabu ne da damfara, kuma a duk cinikin ukun babu wanda ya damfare shi. Na farko ya yi ƙarin gishiri a kan batir, na uku ya aiko da mataji karyayye ya biya, iyakarta kenan. Injin farko ya gaza ne don bai san sunan abin da yake nema ba, kuma ya yar da rabin shawarar da aka ba shi. Na biyu, wanda ya fi su inganci nesa ba kusa ba, ya gaza ne a kan rubutu guda da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma ni ma ina da laifi a nan don na ga hoton kafin ya biya ban ce komai ba sai kai wannan ya haɗu. Sitef-dawun ɗin ma asara ce da za a iya kaucewa da mun tsaya Baba ya gama bayaninsa kafin mu ruga kasuwa.

Na ukun ya yi ne saboda an tambayi masu abin kafin a biya, mai aski ya faɗi irin bakin da ake so, mai gyara ya koya mana karanta bayan inji, ma'aikacin lafiya ya faɗi tsawon gashin. Kuma in za a bi gaskiya, ban da tabbacin injin ne ya warkar da wuyan, don tun a watan da ya bar shi ya huta ƙurajen suka kwanta, injin dai bai dawo da su ba.

Ko ya kamata ya yi odar tun asali? A ganina ga abu irin wannan mai batir na dala 20, wanda kasuwarmu ke cike da shi, a'a, gara ya ɗauki mai askinsa su shiga Sabon Gari a kunna a gabansa. Shi kuma har yanzu bai yarda ba, yace da bai sha wannan wahalar ba da ko ya shiga kasuwar ba zai san wanda zai nuna ba, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Mai ragar ya ba mai askinsa kyauta, yana ƙarasa wa masu tal-kwabo da shi. Sitef-dawun ɗin Baba ya karɓa a rabin kuɗi. Ɗan Amurkan kuma yana cikin kwalinsa a saman wadirof, wai sai ɗan uwan ya sake zuwa hutu ya koma da shi can inda wutarsa take.